Minti Goma Sha Takwas na Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, zaune a kujerarsa ta roba a gindin mangwaro, rediyo na ta magana a kan cinyarsa. Matarsa ta kawo masa kunu ta tarar ya riga ya tafi. Kafin ƙarfe biyu gidan ya cika. 'Yan zumuntar mata ne suka fara isowa da zannuwansu iri ɗaya, suka zagaye Anti, wato matar Kawu, suna rera waƙa a hankali. Sai tsofaffin ɗalibansa suka biyo baya: mai shagon siminti, malaman makaranta biyu, da wata nas daga Manchok da ko rigar aiki ba ta tsaya cirewa ba. Nas ɗin ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "In ba don Baba ba, da har yau ina tallan gyaɗa. Sau biyu lissafi ya kayar da ni, shi ya ɗaga ni."

A rumfar da aka kafa wa maza kuwa, maganar daban ce. Ina raba ruwa na ji wani dattijon ikkilisiyarmu yana cewa, "Mutumin kirki ne, Ubangiji ya karɓe shi. In ban da wancan abu." Na kusa da shi ya gyaɗa kai ya ce, "Ai wancan abu, Allah ne kawai ya tsare." Suna ganina suka ɗauko zancen farashin citta.

Duk wanda ya girma a danginmu ya san "wancan abu", amma babu wanda ya taɓa jin an faɗe shi daga farko zuwa ƙarshe. Abin da muka tsinta shi ne, shekaru arba'in da wani abu da suka wuce, Kawu yana aiki a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya tashi daga Kafanchan ya bi ta Manchok. Wata rana ya ba jirgin kaya izinin shiga layi alhali jirgin fasinja ya riga ya taso daga ɗaya tashar. Layi ɗaya ne. Jiragen ba su yi karo ba, amma saura kaɗan. Aka kore shi. Daga nan labarin yakan rabu uku, ya danganta da bakin da ka ji: wasu su ce burkutu ya sha, wasu su ce barci ya yi, wasu su ce yana da jiƙaƙƙa da direban. Ni dai ban taɓa ganin Kawu ya kai ƙwaryar burkutu bakinsa ba, amma sai a ce ai bayan abin ne ya tuba.

Na zauna rubuta wannan ne don kada ya zama iyakar abin da za a tuna da shi ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Babana shi ne shugaban tashar nan a lokacin, Kawu mataimakinsa. Ta haka ma iyayena suka haɗu: Kawu ya kawo shi gida cin Kirsimeti, ya ga Mama. Bayan korar, Babana ya ci gaba da aiki, aka dawo da shi Kafanchan, ya yi girma, ya gina gida, ya zama dattijo a coci. Kawu ya koma noman citta, da yamma kuma ya jingina allo a jikin mangwaro yana koya wa masu shirin jarrabawa lissafi. Wanda ya kawo doya ya karɓa, wanda bai kawo komai ba ya zauna a benci ɗaya da mai doya.

Mutum ne da ba ya yarda da magana don an faɗa. Kowace safiya sai ya daidaita agogonsa da labaran rediyo. In aka ce masa taro ƙarfe takwas ne, sai ya ce, "Takwas ɗin wa?" In aka aiko cewa Fasto ya ce kaza, zai hau keke ya je ya ji daga bakin Fasto. Da waya ta zo kuwa muka shiga uku. Ka gama magana sai ya ce, "Tsaya. Ka ce Asabar, ƙarfe goma. Asabar, ƙarfe goma. Haka ne? Maimaita." Anti takan ce, "Ko gishiri na ce ya ƙare, sai ya buɗe gwangwani ya leƙa." Mu yara muna dariya. Manya ba sa dariya. Su a ganinsu halin wanda ya taɓa yin sakaci ne, yake ta biyan bashin tsoro har tsufa.

Shi ya koya mini lissafi, kuma saboda shi na zama malamar lissafi. Akwai wata tambaya da kowane ɗalibinsa ya sani, don duk shekara sai ya yi ta. Zai ja layi ɗaya a allo, ya ɗiga alli a kowane ƙarshe. "Tasha biyu, mil goma sha biyu tsakaninsu. Jirgin kaya ya tashi daga nan, yana gudun mil goma sha biyar a awa. Jirgin fasinja ya tashi daga can a lokaci guda, yana gudun mil ashirin da biyar. Minti nawa ke gare ku?"

Ba ya cewa "yaushe za su haɗu" yadda littafi yake faɗa. Cewa yake "minti nawa ke gare ku".

Kullum akwai mai ɗebe ƙaramin gudu daga babban. Sai Kawu ya sa ɗalibai biyu su tsaya a ƙarshen tsakar gida su nufo juna. "Kun gani? Wannan yana cin hanya, wancan ma yana ci. Su biyu suke cin abu ɗaya. Haɗawa ake yi. Sha biyar da ashirin da biyar, arba'in. Mil goma sha biyu a gudun arba'in, minti goma sha takwas." Daga nan sai ya ƙara abin da babu shi a kowane littafi: "To, in kun iya tsayar da guda ɗaya, arba'in ta koma ashirin da biyar. Kun ƙara wa kanku lokaci. Ku fara da wanda za ku iya cim ma."

Duniya ta koma kilomita, Kawu bai bar mil ba, kuma bai taɓa canza lambobin nan ba. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Sun isa." Tun a lokacin na yi zargin ba daga littafi ya ɗauko su ba. Amma na fassara shi yadda kowa zai fassara: mai laifi ne yake ta komawa wurin da ya yi laifin.

A kan wannan tambaya muka yi faɗan da har yau ban manta ba. Shekarata ta biyu da fara koyarwa, na shirya takardar jarrabawa na kai masa ya duba. Na rubuta jirage biyu, ɗaya daga Kafanchan ɗaya daga Kaduna, na tambayi inda za su haɗu. Ya karanta ya ajiye.

"Haɗu? Kamar 'yan biki? Malama, layin nan ɗaya ne. Wa ya ba su hanya?"

Na ce, "Kawu, lissafi ne kawai. Babu kowa a cikin jirgin."

"Babu kowa? Ke kika shiga kika duba?"

Ranar na gaji, kuma ina ji da sabon satifiket. Na ce, "Ai kai ka fi kowa sanin yadda ake haɗa su."

Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce, "Haka aka faɗa miki a gida?"

Na ce, "Kowa ya sani."

Ya ce, "To. Shi ke nan."

Sati biyu ban taka gidansa ba. Ranar Asabar ta uku sai ga shi a ƙofata da keke, doya uku ɗaure a baya, takardar jarrabawar a aljihu, ya gyara mini kuskure biyu da jan biro. Bai ambaci maganar ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Na ce a raina zan yi wata rana.

Tsakaninsa da Babana kuwa babu faɗa, babu kuma zumunci. Suna gaisawa a coci kamar mutanen da suka taɓa haɗa mota. Duk Kirsimeti Babana yakan aika musu da buhun shinkafa da cinyar akuya, Kawu ya karɓa ya yi godiya, Anti ta raba wa maƙwabta tas ba ta ɗanɗana ba. Mama takan ce hassada ce. Da Babana ya rasu, aka ce Kawu ya yi magana a madadin surukai. Ya miƙe, coci ya yi tsit, ya ce, "Surukina yana da rubutu mai kyau. Duk tashar babu mai irin hannunsa. Ubangiji ya ji ƙansa." Ya koma ya zauna. Mutane suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

An binne Kawu ranar Asabar. Tun da safe na lura da wani tsoho da farar riga da hula, carbi a hannu, zaune a kan dutse a wajen shingen coci. Bai shiga ba, bai kuma tafi ba. Da aka ɗauki akwati zuwa maƙabarta ya biyo mu daga nesa yana dogara sanda. A garinmu, bayan abubuwan da muka gani a shekarun nan, baƙuwar fuska a wurin taro ba ta wucewa haka kawai. Samari suka fara kallon juna. Babban ɗan Kawu ya matso kusa da ni ya ce, "Wannan Alhajin fa? Wa ya gayyace shi? Tun ɗazu yana ƙirga mu da ido." Wata gwaggonmu ta ce ƙila gonar bakin rafi ya zo dubawa, an daɗe ana zawarcinta. Wani ya ce a tambaye shi abin da ke cikin jakarsa.

Na ce su bari ni in je. Na ɗauki kujera da kofin kunu na same shi a inuwar shinge.

"Sannu da zuwa, Baba. Daga ina?"

"Daga Kasuwan Magani, wajen ɗana nake zaune. Wani tsohon abokin aiki ne ya kira ya faɗa mana. Allah ya ba ku haƙuri. Ke ce 'yarsa?"

"'Yar ƙanwarsa ce."

Kofin ya tsaya a hanya bai kai bakinsa ba. Ya dube ni sosai. "'Yar shugaban tasha ke nan."

"Ka san Babana?"

Ya ajiye kofin ya fara laluben sandarsa. "Na zo, na gani, na yi masa addu'a irin tawa. Bari in kama hanya kada mota ta ƙare."

Na ce, "Baba, mutanen can suna tambaya ko kai wane ne. In ka tashi haka, ban san abin da zan ce musu ba."

Ya leƙa samarin, ya yi ɗan murmushi marar daɗi, ya koma ya zauna. "Ki ce musu ni ne direban jirgin kayan."

Ya ce tsakiyar damina ce, da rana, an kwana ana ruwa, wayar da ke tsakanin tashoshi tana kamawa tana saki. Aka miƙa masa takardar izini, ya ja jirgi. Layin a wurin yana zagaye wani dutse ne kafin ya fito inda hanyar ƙauye ta ƙetare shi, mil uku ta dogo, amma ta gonaki bai wuce mil ɗaya da rabi ba. "Ina fitowa daga bayan dutsen sai ga kawunki a tsakiyar layi, laka har kai, keke yashe a gefe, yana kaɗa jar tuta kamar mahaukaci. Na danna birki. Kafin in gama tsayawa ya yi tsalle ya kama ƙarfen ƙofa ya ce, 'Fasinja na zuwa. Yanzu minti sha biyu da tashinka. Da shida suka rage, yanzu da ka tsaya sun kusa goma. Ka yi ta busa, kada ka saki.' Ya fizge takardar daga hannuna ya cusa a aljihu, ya dira ya ci gaba da gudu a kan layi, babu takalmi ƙafa ɗaya."

Na ce, "Gudun nawa kake yi?"

"Da kaya, ga hawa? Sha biyar. Fasinja kan yi ashirin da biyar a wannan gangaren."

"Tsakanin tashoshin fa?"

"Mil goma sha biyu. Me ya sa?"

Na ce ya ci gaba. Ya ce direban fasinja ya hango tutar a kan kwana, ya tsaya. Da suka sauko, tsakanin kan jirgi da kan jirgi, in ka yi jifa da dutse zai kai. Ranar kasuwa ce, taragu cike da mata da yara da kaji.

Na ce, "To amma shi ya ba ka takardar tun farko."

Tsohon ya yi ta jan carbi. "Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba yana raye. A gaban masu bincike na ce ruwa ake yi, ban ga fuska ba. Shi kuma ya ce shi ya rubuta, takardar ta jiƙe ta lalace. Yadda suka yi da littafin tasha ban sani ba."

"Yanzu ba ya raye, Baba."

"Wanda ya miƙo mini takarda dogo ne. Da hannun hagu ya miƙo." Ya ɗaga ido ya dubi bakina. "Yana da wushirya irin taki."

Na raka shi bakin titi da kaina, na tsayar masa da babur. Ɗan Kawu ya tambaye ni, na ce tsohon abokin aiki ne.

Ban yarda da shi nan take ba. Kwana uku ina juya maganar ina neman inda ta fashe. Mutum ya haura tamanin, ido ya yi rauni. Wa ya san abin da tsufa ya ƙara masa? Ƙila Babana ya taɓa kai ƙararsa a wurin aiki, ya zo ramawa a kan gawa biyu da ba za su iya musu ba. Kuma me ya sa ya nemi tashi da ya ji ko ni wace ce? Tausayi ne, ko dabara ce ta sa in matsa? Na ɗauki takarda na yi lissafin sau uku. A minti sha biyu jirgin kaya ya ci mil uku, na fasinja ya ci biyar, saura huɗu. Huɗu a gudun arba'in, minti shida. Huɗu a gudun ashirin da biyar, minti tara da ɗoriya. Babu inda ya kauce. Sai na yi wani lissafin da ban so ba: tsakiyar damina abin ya faru, ni kuma an haife ni kafin Kirsimetin shekarar.

Na sami Mama a bayan gida tana tsince acca. Na faɗa mata wanda ya zo da abin da ya ce. Hannunta bai tsaya ba.

"Mutumin da ba ki san daga ina ya fito ba, shi za ki ji a kan ubanki?"

"Mama, ƙarya ya yi?"

"Ki bar matattu su huta."

"Ƙarya ya yi, Mama?"

Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki ta ja labule.

Daga nan na wuce gidan Kawu. Anti na zaune a tabarma cikin baƙaƙen kaya, baƙi sun ragu. Na durƙusa a gabanta, ban san ta inda zan fara ba. Ita ta fara, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Na ga kin zauna da direba. Na gane shi tun a coci. Mamanki ya ce me?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ba zai ce ba." Ta gyara ɗaurin kai. "Ranar babanki ya kira waya sau biyu, bai samu ba. Ya ce fasinja kullum yana latti, ya rubuta takarda. Kawunki yana bayan tasha yana duba sigina. Yana dawowa waya ya kama, aka ce fasinja ya taso. Babanki ya zauna a ƙasa, ƙafa ya mutu. Kawunki ya dubi agogo ya ɗauki keke." Ta ɗago ta dube ni. "Shi ya yafe tun tuni. Ni ban yafe ba. Na faɗa wa Fasto uku ban yafe ba, ban faɗa musu dalili ba. 'Ya'yana sun girma ana nuna su, 'ya'yan mashayi. Tashi, gwiwa zai yi ciwo. Ba ke kika yi ba."

Da iyali suka ce ni zan rubuta tarihin Kawu a ɗan littafin tunawa da za a raba ranar hidimar godiya, na san abin da ke gabana. In na wanke Kawu, na shafa wa Babana, mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon jirgi, wanda sunansa ke rubuce a jikin bencin gaba na cocinmu. In na yi shiru, na zama ta uku a gidanmu da ta ci amfanin shirun. Na rubuta duk abin da ke sama, na ɗauka na kai wa Mama, don ba zan bari ta fara ji a bakin mutane ba.

Ta zauna a bakin gado, hannuwa a cinya. Na karanta mata tun daga kunu har zuwa maganar Anti. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. A ƙarshen abin da na fara rubutawa akwai layin da na ce ban sani ba ko Babana ne ya roƙi Kawu, ko Kawu ne ya ɗauka da kansa. Da na kai nan ta ɗaga hannu.

"Wannan wurin ki gyara."

Na ce, "In cire?"

"Ki gyara, na ce. Ubanki bai roƙi kowa ba. Shi ya riga ya sa riga zai je ya faɗi gaskiya. Ni na kulle ƙofa na tafi wurin yayana da cikinki wata biyar, na kama ƙafarsa." Ta share fuska da gefen zane. "Ki rubuta haka. Ki sa ni ce."

Na gyara a gabanta, ta sa na maimaita mata layin, ta ce daidai ne.

Kawu, ban ba ka haƙuri ba kana raye, ga shi ina bayarwa a gaban jama'a. Ubangijin da ya ga gudun da ka yi a cikin laka, shi ya ba ka wurin hutawa, ya ta'azantar da Anti da 'ya'yanka, mu kuma ya gafarta mana.